Ƙofar da Malam Zakari Ya Bari a Buɗe

Ranar da Lailatu ta koma biro, wato ofis, bayan rasuwar mahaifinta, ba son aiki ne ya fito da ita ba. Gidan ne ya yi mata ƙunci. Masu gaisuwa sun ja baya, an naɗe tabarmin ƙofar gida, innarta Hawwa'u ta shiga takaba ta yi shiru a ɗaki. Ita kuwa duk inda ta juya sai ta ci karo da wani abu na Baba: takalminsa, butarsa, tsohuwar jakar allurar shanu da ya ƙi yarwa. Sai ta yafa mayafi ta ce za ta leƙa biro ta dawo.

Biron ƙungiyar makiyaya ɗaki biyu ne da rumfa, a bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro, wurin da ko ka rufe taga sai warin awaki ya zagayo ta ƙofa ya gaishe ka. A nan Lailatu take kula da ordinater, wato kwamfutar ƙungiya, a nan kuma mahaifinta Malam Zakari ya ƙarar da sauran ƙarfinsa. Tsohon likitan dabbobi ne na karkara, wanda ya tsufa a kan babur tsakanin Ajekoriya da Birnin Lalle, da Rumbu har cikin kwarin Tarka, yana yi wa shanun mutane allura. Da ya ajiye aiki, maimakon ya miƙe ƙafa ya huta kamar kowane tsoho mai tausayin kansa, sai ya tsiri wata damuwa. Wai shi abin da ke hana shi barci, dabba ta ɓace, a yi cigiyarta a kasuwa, cigiyar ba ta wuce inda muryar mai shela ta tsaya, alhali raƙumi kan yi tafiyar da muryar ba ta taɓa mafarkin yi ba.

Lailatu ce ta samo masa magani, shekarar da ta dawo daga karatun informatik, ilimin kwamfuta, a Maradi. Ta kafa masa zauren imel: ka aika saƙo ɗaya zuwa adireshi ɗaya, na'ura ta kwafe shi ta raba wa duk wanda ke cikin zauren. Na'urar, wadda suke kira serber, ba ma a Dakoro take ba. Tana can wata ƙasa mai sanyi da Lailatu ba ta taɓa takawa ba, daga nan take ba ta umarni. Malam Zakari kuwa ya shiga tara mutane: gidajen rediyon ƙauyuka, ma'aikatan dabbobi, sakatarorin meri, wato ofishin magajin gari, shugabannin dillalai, masu tsaron famfunan daji inda garke ke shan ruwa. Cigiya ta shiga da safe, kafin yamma an karanta ta a rediyo da bakin rijiya a wuraren da mai dabbar bai san sunansu ba. Sunan zauren Cigiya, amma babu mai kiransa haka. Kowa Cigiyar Zakari yake cewa.

To, mutanen zauren nan ne Lailatu ta ƙullata, ƙulli kuma mai tauri. Ranar da Baba ya cika a asibitin Maradi, Mushe Tanimu, wato Malam Tanimu a Faransance, sakataren ƙungiya, ya sa sanarwar rasuwa a zauren. Ta duba wayarta a gidan makoki, ta ga ta'aziyya ƙwaya nawa, ba su cika tafin hannu ba. Daga nan shiru. Ta sake dubawa washegari, shiru. Mutumin da ya mayar wa ɗaruruwan mutane da dabbobinsu, a ce iyakar abin da ya samu ke nan? Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta iya faɗa wa kowa, ta daina duba wayar gaba ɗaya.

Da ta iso biro ta tarar da wani dattijo zaune a ƙarƙashin rumfa, dogo, siriri, rawaninsa ya rufe baki, sandarsa kwance a cinya. Ta san shi. Agali ne, Buzu mai zama a gefen Rumbu, aminin Baba tun kafin a haife ta. Ya zo gaisuwa gida, ya kwana biyu a zaure bai yi wata doguwar magana ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Agali, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ɗiyata. Ya haƙurinku ku da Hawwa'u?"

Mushe Tanimu ya fito daga ciki yana share zufa da hularsa. Mutum ne mai kirki, amma tsakaninsa da ordinater akwai tsohuwar rashin jituwa, yana taɓa ta ne kamar mai taɓa tukunyar da ke kan wuta. Ganin Lailatu ya sauke ajiyar zuciya.

"Allah ne ya kawo ki. Na so in aika gida, na ji kunya. Taguwar Agali ta ɓace. Na sa cigiya cikin zaure tun ran da ya hwaɗa mini, na sake sawa, ba wanda ya tanka. Na kira mutum biyu na rediyo da nike da lambarsu, sunka ce su ba su ga komi ba. Sauran mutane kuwa ban da lambarsu, adireshi kawai ke gare mu."

Agali ya yi bayani a hankali, idonsa a ƙasa. An yi ruwan farko can arewa, taguwar ta ji ƙamshinsa ta tsinke dabaibayi ta bi iska. Fara ce, da shaidar lalas a wuya ta dama, kunnen hagu a tsage. Kuma ba tasa ba ce.

"Ta wani aminina ce, Yazidu. Shekarar da dabbobina sunka ƙare ya koro mini ita, ya ce in sha nono ni da jikoki, in Allah ya mayar mini da nawa in maida mishi. Gobe babbar kasuwa ke ci can arewa, wadda manyan motoci ke ɗibar raƙuma su ƙetare da su. In wanda ya tsince ta bai san mai ita ba, ko kuma bai son ya sani, gobe ta tahi ke nan. Ni ban san da wace huska zan tsaya gaban Yazidu ba."

Lailatu ta ji tausayinsa, amma ɗacin da ke cikinta ya riga tausayin fitowa.

"Baba, mutanen da mai zauren ya rasu ba su iya cewa Allah shi jiƙan shi ba, su za su tashi neman taguwa? Sun ga saƙon. Zauren ne ya bi Baba kabari."

"Ke dai diba," in ji Mushe Tanimu. "Ko don tsohon ga."

Ta shiga ta zauna, ba don ta yarda ba. Ta fara da abin da ake farawa da shi. Rezo, wato layin intanet, yana nan lafiya. Ta aika ɗan saƙon gwaji zuwa zauren, ta ajiye wayarta a kan tebur tana jiran ya dawo mata kamar yadda ya saba, kafin mutum ya kurɓi ruwa. Bai dawo ba. Ta sake, bai dawo ba. A nan ta gyara zama, don wannan ba halin mutane ba ne, ciwon na'ura ne.

Ta buɗe baƙar tagar da take magana da serber ta cikinta. Serber na da rai, ya amsa gaisuwa, sai dai da ƙyar, kowace kalma sai ya yi nishi kafin ya mayar. Ta nemi ya nuna mata yadda ya yi da saƙonnin da aka ba shi. Layuka suka zubo a ekaran, fuskar na'urar, dukkansu magana ɗaya. Serber ya kai saƙo ƙofar manyan gidajen imel, inda kusan kowa ke da akwatinsa, su kuma sun ƙi karɓa. Da farko cikin ladabi suke korar sa: saƙonninka sun yi yawa, dawo an jima. Da ya yi ta dawowa sai ladabin ya ƙare. Suka ce an sa sunansa cikin masu watsa saƙonnin banza, kada ya sake zuwa.

Ranta ya ɓaci. Ta san wannan cutar, an koya musu ita. Ɓarayin rezo kan fasa serber ɗin da mai shi ya yi sakaci, su mayar da shi jakin dakon tallar ƙarya. Wato tana can tana kuka, wasu marasa tsoron Allah suna nan suna tallar maganin ƙarfi da sunan zauren Baba.

"An shigar muna," ta ce da Mushe Tanimu, wanda ke tsaye bayanta yana kallon ekaran kamar yana gane wani abu. "Bari in ga mi suke saidawa."

Ta tambayi serber yawan saƙonnin da ke layi suna jiran fita. Lambar da ya ba ta sai da ta sa yatsa a ekaran ta bi ta daga farko zuwa ƙarshe, don ta ɗauka idonta ne. Tun da aka kafa zauren, duk cigiyar da aka taɓa yi in an haɗa ba ta kama ƙafar wannan ba. Ta tsamo ɗaya daga tsakiya ta buɗe, bakinta cike da zagin da ta tanada.

Daga gidan rediyon wani ƙauye ne kusa da Abalak. Mun samu labarin rasuwar Malam Zakari. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Mun sanar a rediyo, makiyaya suna ta zuwa suna cewa a isar da gaisuwarsu.

Ta tsaya. Ta tsamo wani. Mai tsaron famfo ne a yankin Tanut, ya ce Malam ya taɓa mayar wa kawunsa da shanu bayan an fid da rai. Ta tsamo wani, shugaban dillalai ne daga ƙetaren iyaka. Wani daga Ingal. Wani daga bakin tafkin Cadi, wurin da Lailatu ba ta san zauren ya kai ba. Wani da Faransanci mai tsari, wani da Hausa a karye, wani da Fillanci, wani da Buzanci, wani da Larabci, wani kuwa kalma uku ce kawai, ga alama da ƙyar mai ita ya haɗa su a waya. Ta yi ta tsamowa tana neman ɓarawon, ba ta same shi ba. Babu ɓarawo. Ta'aziyya ce, daga sama har ƙasa.

Sannan ga amin. Don mutanenmu ba su iya ganin addu'a su wuce ta ba. Wanda ya ga ta'aziyyar wani sai ya amsa da amin, wanda ya ga amin ɗin ya ƙara da amin summa amin, wani ya gode wa mai amin. Ba su daina ba ko da saƙonnin suka daina iso musu, kowa ya ji labari sai ya aiko da tasa. Serber kuwa bawan Allah ne marar wayo, abin da aka ce ya yi shi yake yi: kowane amin sai ya kwafe shi sau yawan mutanen zauren ya ɗauka ya nufi ƙofofi. Manyan gidajen imel suka ga kalmomi iri ɗaya suna kwararowa dubu bisa dubu daga wuri ɗaya, su kuma a saninsu babu mai yin haka sai ɗan damfara. Ina za su san yadda ake gaisuwar mutuwa a ƙasar nan?

Lailatu ta janye hannunta daga ordinater. Ta tuna can wani ɗaki mai sanyi a ƙasar da ba a san taguwa ba, wata na'ura ta kwana ta wuni tana ɗauke da sunan Baba tana ƙwanƙwasa ƙofofin duniya, ana korar ta tana komawa. Duk kwanakin nan da take kwance tana cewa an manta da shi, ashe ambatonsa ne ya yi yawan da hanya ta kasa ɗauka. Ba ta san lokacin da hawaye suka sauko ba, kuma ba irin na gidan makoki ba ne. Abin ya fi ƙarfin baƙin ciki, tsoro-tsoro ne ya kama ta, irin wanda ke kama mutum in ya ga abin da ya girme shi.

Mushe Tanimu ya leƙa waje ya kira Agali. Dattijon ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya shigo. Ta yi musu bayani da muryar da ba ta gama daidaita ba. Agali ya saurara har ta ƙare.

"Wato kamar rijiya ce garke ya yi mata yawa," ya ce. "Kowa na turawa, ba mai sha."

"Haka ne, Baba."

"Kuma dut gaisuwar Zakari ce."

"Ita ce."

Ya ja rawaninsa sama ya rufe har hanci, yadda Buzu ke yi a gaban wanda yake jin nauyinsa. Ya daɗe yana kallon baƙin ekaran ɗin.

Amma akwai abin da bai zauna wa Lailatu ba. Ai ba yau mutanen nan suka fara amsa saƙo ba. Duk cigiyar da aka yi, kowa sai ya ce Allah ya bayyana. Me ya hana hanya toshewa tun tuni? Ta shiga inda ake saita zauren, nan take ta tuna. Tun ranar farko ta yi wa zauren ƙofa. Duk saƙon da aka aiko sai ya tsaya a bakinta, sai Baba ya duba ya ce wuce sannan ya wuce. Ta kafa ta, ta nuna masa yadda ake yi a waya, ta manta da ita, tunda ba ta taɓa ba ta wahala ba. Yanzu ƙofar a buɗe take wangalau. Serber ya rubuta ranar da aka buɗe ta, da wanda ya buɗe. Malam Zakari ne, ranar da aka ɗauke shi zuwa Maradi.

Ta gan shi sarai. Yana kwance a bayan mota, kansa a cinyarta, numfashi na yi masa wuya, ya ce a miƙo masa waya da tabarau. Yana ta lalube. Ta ce Baba don Allah ka ajiye wayar nan. Ya ce, "Bari, ƙohwa nike buɗewa. Kar dabbar wani ta kwana daji sabili da ni ina kwance." Ta ɗauka zafin ciwo ne ke sa shi sambatu.

Da ta faɗa musu, Mushe Tanimu ya nemi kujera ya zauna.

"Shi ya sa," ya ce. "Kullum bayan sallar asuba yana bisa tabarma da wayar ga. Na ɗauka labarai yake karatu."

"Addu'o'in ba ya zubar da su," in ji Agali. "In dabbarka ta ɓace ka zo, sai ya zaunar da kai ya karanta maka. Wane na wuri kaza ya ce Allah shi bayyana. Wane ma ya ce. Har ka ji kamar duniya duka ta hito neman akuyarka."

Shekara da shekaru ke nan, kowace safiya, tsoho ɗaya da tabarau yana tsaye tsakanin ladabin mutanensa da na'urorin duniya, yana wuce da cigiya, yana riƙe addu'a ya kai wa mai ita hannu da hannu. Ita da ta kafa zauren ba ta taɓa tambayar yadda yake tafiya lami lafiya ba.

Rana ta riga ta karkata, kasuwar gobe kuma ba ta jiran kowa. Cigiyar Agali tana can ƙarshen layi, bayan duk wannan taron.

"Ba a iya share su?" Mushe Tanimu ya tambaya a hankali.

"Ana iyawa. Umarni ɗaya ne."

"A'a," in ji Agali. Karo na farko ke nan da ya ɗaga murya, shi ma ba sosai ba. "In sai an zubar da addu'ar da anka yi ma Zakari kahin a nemi taguwa, a bar taguwar. Ni na san abin da zan hwaɗa ma Yazidu."

Lailatu ta dube shi. Ta san bai san abin da zai faɗa wa Yazidu ba.

"Ba ɗaya da za ta zube, Baba. Kowace addu'a guda ce mai ita ya yi, na'ura ce ta yi ta maimaita ta. Asalin zan ɗebe in adana, maimaicin zan share."

Haka ta yi. Ta tsayar da serber cak, ta ce ya daina ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ta tattara asalin kowane saƙo wuri ɗaya, ta sauko da su cikin wayarta, ta duba ta sake dubawa, sannan ta share tulin kwafin. Serber ya sami numfashi, ya fara amsawa da sauri kamar da. Ta rufe ƙofar da Baba ya buɗe. Ta tarar kuma na'urar ta dakatar da mutane da yawa daga zauren, don ta ga saƙonsu na ta dawowa ta ɗauka sun tashi daga adireshinsu, ta mayar da su duka.

Saura babban aikin, wanda ba a hannunta yake ba. Sai masu riƙe da sunayen masu watsa shara sun cire sunan serber, in ba haka ba ko me ta aika ƙofa a rufe take. Ta nemo shafinsu. Akwai wurin da aka ce a bayyana abin da ya faru. An saba rubuta musu cewa an fasa mana na'ura mun gyara. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta rubuta gaskiya da Faransanci, gajeriya: mahaifina ne ya rasu, mutane suka yi ta'aziyya, a wurinmu ba a jin mutuwa a yi shiru. Na gyara. Akwai dabbar wani tsoho da ake nema kafin gobe.

Suka zauna jira. Wani lokaci irin wannan amsa kan ɗauki kwanaki, ta sani, ba ta dai faɗa ba. Aka kira la'asar, mazan suka je suka dawo. Agali ya koma rumfa ya zauna yadda ta same shi da farko, sanda a cinya. Mushe Tanimu ya yi ta shiga da fita yana tambayar ko an ce wani abu, har ta roƙe shi ya zauna.

Inuwar rumfa ta kai bakin katanga sa'ad da amsar ta shigo. Layi biyu ce. Na farko irin na na'ura: an cire sunanku. Na biyu kuwa hannun mutum ne, wani ko wata da ba a sa suna ba, can inda Allah kaɗai ya sani. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan dalili ba, yana yi mata ta'aziyyar mahaifinta, yana fatan a ga dabbar.

"Har su ma?" in ji Mushe Tanimu da ta fassara. Ya girgiza kai. "Ikon Allah."

Ta saki cigiyar, ba gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan don kada a sake tsorata masu ƙofofi. Gidajen rediyo da masu famfo na arewa ta fara turawa. Taguwa fara, lalas a wuya ta dama, kunnen hagu a tsage. Ta zuba wa ekaran ido. Layin farko ya fito: an karɓa. Na biyu: an karɓa. Sai suka jero, an karɓa, an karɓa, tana karanta adireshin tana ganin garuruwan a zuci, Bermo, Sakabal, Abalak, Tanut, kamar mai tsaye a kan tudu yana kallon garke na watsuwa cikin daji.

Ba a jima ba saƙonni suka fara taruwa a bakin ƙofa suna jiran a ce su wuce. Ta ɗauki wayar ta fita rumfa, ta zauna a gefen tabarmar Agali.

"Baba, Mahamadu na rediyon Bermo ya ce Allah shi bayyana."

"Amin."

"Aisata ta meri ta ce Allah shi bayyana, an ba mai shela."

"Amin."

Ta yi ta karantawa yana amsawa. Kusan kowane saƙo kuma da ɗan ƙari a ƙasa. Mun ɗauka zauren ya rufe. Mun yi gaisuwa ba mu ji amsa ba, muka ce iyalin na cikin jimami. Ɗiyar Malam ce? Allah ya yi miki albarka. Ashe su ma suna can suna jiran a tanka musu, kamar yadda take nan tana jira.

Sai ta zo kan wani, ta karanta shi a zuci tukuna. Mai tsaron wani famfo ne arewa da Gadabeji. Taguwa mai wannan kama ta biyo garken wani Bafillace ta sha ruwa wurinsa. Bafillacen ya ɗaure ta yana ta tambayar mai ita, wani dillali kuma ya riga ya lallaɓe shi a kai ta kasuwa gobe a gani ko za a dace. Yanzu mai famfon ya aika a gaya wa Bafillacen kada ta motsa.

Ta karanta wa Agali. Bai yi kabbara da ƙarfi ba, bai tashi ba. Ya ɗora tafukansa biyu a kan fuskarsa ta saman rawani, kafaɗunsa suka ɗan girgiza. Da ya sauke hannu, sandarsa ya ɗauka.

"Zakari ya yi mini cigiya yana kabari," ya ce. Ya dube ta. "A'a. Ke kinka yi. Ki riƙe ƙohwar ga, ɗiyata."

Kafin magariba ta isa gida. Inna Hawwa'u na zaune a bakin gado da carbi, ɗakin ya fara duhu. Lailatu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ta ba ta labari tun daga farko, har da maganar bayan mota. Sannan ta buɗe wayar ta fara karanta mata ta'aziyyar, ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai ita da garinsa. Inna na cewa amin. Wasu sunayen ta san su, ta ce wannan ya taɓa kwana a zaurenmu, wannan shi ya kawo mana cuku shekarar da aka haife ki. Mafi yawa ba ta taɓa jin su ba. Da Lailatu ta gaji ta nuna mata yadda sauran suke, tana ja da yatsa suna ta tahowa ba su ƙarewa, sai tsohuwar ta ajiye carbin ta riƙe baki.

"Dut waɗanga sun san shi?"

"Sun san shi, Inna."

"Kuma ba wanda anka ce ma an gode?"

"Ba mu gani ba ne sai yau. Zan sa godiya guda cikin zaure, ta isa ga kowa."

Inna ta girgiza kai.

"Wanda ya tako ƙohwar gidan ga, shela munka yi mishi ko amsa mishi munka yi? Ki amsa ma kowa nashi."

"Inna, ɗaruruwa ne fa."

"Shi da yana nan, yana tsallake wani?"

Lailatu ta tashi ta ɗauko tabarmar Baba inda aka jingine ta bayan ƙofa, ta shimfiɗa a bakin ɗakin inda sauran haske yake. Ta koma can saman saƙonnin, ta buɗe na farko, ta tabbata ga mai shi kaɗai amsar za ta je, ba ga zaure ba. Ta rubuta: Mun ga gaisuwarka, ta iso. Sannan ta ɗaga kai ta tambayi Inna me za a ƙara masa.